Amsoshin Tambayoyinku: Alƙalin Kotun Ɗaukaka Ƙara

Wani mai sauraronmu, dillalin raƙuma a kasuwar Maigatari, yana tambaya: wane Bahaushe ne ya yi suna a Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Tarayya?

To Alhaji, ko a gida kuna da naku, Mai Shari'a Ali Abubakar Babandi Gumel. Amma dattijon da aka fi tunawa shi ne Mai Shari'a Mamman Nasir. Ministan shari'a ne a gwamnatin Sardauna, daga baya ya kai Kotun Ƙoli. Abin mamaki, daga can saman aka dawo da shi ya shugabanci Kotun Ɗaukaka Ƙara a 1978. Da ya ajiye aiki a 1992, sai ya zama Galadiman Katsina, hakimin Malumfashi. Ya rasu a 2019, Allah ya jiƙansa.