Yadda Ake Zaɓar Gurbin Taga da Lissafin Kwamfuta a Bauchi

Matakin farko shi ne tattara bayanan yanayin garin, wato zafi da hasken rana da alkiblar iska na kowace awa cikin awa 8,760 na shekara, domin a kansu kowane lissafi zai dogara. Bauchi tana kusan digiri 10 arewa da layin da ya raba duniya biyu, saboda haka daga tsakiyar Afrilu zuwa ƙarshen Agusta rana takan karkata arewa da tsakar rana, abin da ke nuna cewa tagar arewa ma tana buƙatar inuwa, saɓanin ƙa'idar littattafan Turai.

Daga nan mai zanen gini zai zana siffar ginin a kwamfuta, ya bar faɗin kowace taga da tsayinta daga ƙasa da zurfin rumfarta a matsayin abubuwan da za a iya sauyawa. A nan ake sanya iyaka: ƙa'idar tsimin makamashi a gine-gine da Gwamnatin Tarayya ta fitar a 2017 ta nemi kada tagogi su wuce kashi 20 cikin ɗari na bango sai an yi musu inuwa.

Sai gwaji, wanda shi ne zuciyar aikin. Manhajar EnergyPlus tana ƙididdige zafin da zai shiga ɗaki, Radiance kuma tana auna haske, sannan wata dabarar lissafi da aka kwaikwayo daga gadon halitta takan samar da ɗaruruwan zane, ta zubar da marasa kyau, ta haɗa siffofin waɗanda suka fi inganci, ta sake gwadawa har sakamakon ya daina ƙaruwa. Ba a samun amsa guda, domin tagar da ta ƙara haske takan ƙara zafi. Abin da ake samu jerin zaɓi ne. Galibi lissafin yakan ƙanƙanta tagogin yamma, inda ranar la'asar ta bazara ke dukan bango kai tsaye, ya buɗe kudu maso yamma kaɗan domin iskar damina.

Hukuncin ƙarshe na mutum ne, domin manhaja ba ta san ƙurar hunturu da ke tasowa daga arewa maso gabas ba sai an gaya mata, balle suturar iyali daga idon mai wucewa. Maginan gargajiya sun daɗe suna sanya ƙananan tagogi can sama a bangon ƙasa mai kauri, kuma ya dace ɗaliban zanen gini na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa su riƙa gwada wannan tsari a kwamfuta kafin su rungumi bangon gilashi.