Wane Ne Likitan Ido?

'Yan'uwana ɗalibai, in mun fita koyarwa a ƙauyukan Potiskum da Fika da Nangere, za a riƙa tambayarmu abin da ba ya cikin littafin aji. Dattijo zai zo ya ce, “Malam, idona ya yi yana, wurin wa zan tafi?” Saboda haka na ga ya kamata mu san mutanen da ake kira likitan ido, gama ba ɗaya ba ne.

Na farko shi ne likita sosai. Yakan yi shekara 6 a jami'a yana koyon aikin likita duka, sa'an nan shekara guda a asibiti ƙarƙashin manya, da shekara guda ta bautar ƙasa. Bayan wannan ne zai shiga koyon ido kaɗai, shekara 5 ko fiye, a wuri kamar Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna, ko Asibitin Ido na ECWA a Kano, wanda mishan ta SIM ta buɗe a 1943. Can zai yi ta aiki, a yi ta yi masa jarrabawa, har ya rubuta bincike nasa na kansa. Ku lissafa, shekara 13 ke nan, in bai faɗi ko ɗaya ba. Kuma kowace shekara sai ya sabunta lasisinsa. Shi ne mai fiɗa.

Na biyu shi ne mai awon ido. Shi ma yakan yi shekara 6, ana kuwa ce masa dakta. Aikinsa gwada gani da ba da tabarau, in ya ga cuta mai bukatar wuƙa ya aika gaba. Akwai kuma nas ɗin ido.

Amma akwai wani mai yawo gari gari, ba shi da takardar kowa. Yakan soka tsinke a ido, ya tura yanar ta faɗa ciki. Mai ido ya ga haske nan take, ya yi murna, ya biya. Kafin ciwo ya tashi, mai tsinke ya yi nisa. Binciken makanta da aka yi a Nijeriya daga 2005 zuwa 2007 ya nuna cikin idanu 10 da aka yi wa haka, 7 sun zauna a makance. Binciken nan kuwa ya ce shiyyarmu ta Arewa maso Gabas ta fi kowace makafi in aka gwada da yawan mutanenta. Shi likita ba ya tura yana. Cire ta yake yi, ya sa wani ɗan gilashi na roba a gurbinta.

Ni dai ban ga laifin dattijon ba, domin mai tsinke har gida yake iske shi, likita kuwa sai an hau mota. To, malami shi ne zai gaya wa 'ya'yansa inda za su kai shi, ya rubuta musu 'yar takarda su riƙe zuwa babban asibiti.