Zanen Akwati da Yadda Ido Ke Hangen Nisa

Duk wanda ya tsaya a kan ɗaya daga cikin magudanan ruwan da suka taso daga madatsar Bakolori, wadda aka kammala a 1978 bisa kogin Sakkwato, ya miƙa dubansa inda magudanar ta miƙe sak, zai ga gaɓoɓinta biyu suna matsowa kusa da juna har su haɗe can nesa. In ya taka zuwa wurin, sai ya tarar faɗin bai ragu ba. Haka titin da ya ratsa Talata Mafara daga Gusau zuwa Sakkwato yake yi, haka kuma turakun lantarkin da ke gefensa suke gajarcewa ɗaya bayan ɗaya. Wannan ita ce ƙa'idar hangen nisa, kuma rashin fahimtarta ne ke sa ɗalibi ya zana aji ko tebur ya fito kamar iska ta banƙare shi.

Abin da ke faruwa cikin ido

Haske yana tafiya ne a miƙe. Idan ya taso daga abu, yakan shiga ta ƙofar da ke tsakiyar baƙin ido, ya sauka a kan wani tantani da ke can baya, wanda masana ke kira ratina. A nan ne hoton abin yake fitowa, ƙarami kuma a kife. Nisan da haske ke yi daga mahaɗarsa a cikin ido zuwa wannan tantani kimanin milimita 17 ne. Saboda haka mutum mai tsawon mita 1.7 da ke tsaye a nisan mita 10, hotonsa a cikin ido bai kai milimita 3 ba. In ya ja da baya zuwa mita 20, hoton zai ragu da rabi. Ke nan duk lokacin da nisa ya ninka, girman hoto yakan rabu biyu.

To me ya sa manomi a fadamar Bakura ba ya zaton ɗansa ya koma wada don ya yi nisa? Domin ƙwaƙwalwa tana gyara saƙon da ido ya kawo mata. Ta san tsawon yaron, sai ta riƙe shi yadda yake. Wannan baiwa ce babba wajen rayuwa, amma ita ce abokiyar gabar mai koyon zane, don kuwa hannunsa yakan zana abin da ƙwaƙwalwa ta sani, ya bar abin da ido ya gani.

Ibnul Haisam, wanda aka haifa a Basra wajen shekarar 965, shi ne ya tabbatar a cikin littafinsa Kitabul Manazir cewa gani yana samuwa ne ta hanyar hasken da ke shiga ido, saɓanin masu cewa ido ne ke fitar da haske. Daga baya aka fassara littafin zuwa Latin. A farkon ƙarni na 15 wani magini a birnin Fulorans na Italiya, Brunelleschi, ya nuna yadda za a sauke wannan ƙa'ida a kan allo, sa'an nan Alberti ya rubuta dokokinta a 1435.

Me ya sa akwati?

Domin kusan duk abin da mutum ya gina ana iya sa shi cikin akwati: bulo, aji, tankin ruwa, bayan tirela. Akwati yana da fuska 6, kusurwa 8 da gefe 12. Gefunan nan sun kasu dangi uku, kowane dangi layi huɗu: na tsawo, na faɗi da na tsayi. 'Yan dangi ɗaya suna tafiya kafaɗa da kafaɗa a zahiri, amma a takarda tilas su nufi ɗigo guda, kamar gaɓoɓin magudanar nan. Sunansa ɗigon ɓacewa. Idan akwatin yana zaune daidai a ƙasa, ɗigon layukan tsawo da na faɗi yakan faɗi a kan layi ɗaya da ke daidai da tsayin idon mai kallo, wato layin ido.

Wanda ya fuskanci akwati kai tsaye ɗigo ɗaya yake bukata. Wanda ya dube shi ta kusurwa, biyu. Wanda kuwa ya leƙo shi daga bene ko ya ɗaga kai daga ƙasa, uku. A lura, wannan ya bambanta da zanen aisometirik da ake koyarwa a darasin zanen fasaha, inda layuka ke kwantawa a kan digiri 30 kuma ba sa haɗuwa har abada. Wancan na awo ne, don magini da kafinta su karanta. Wannan kuwa na gani ne. Ɗalibai da yawa sukan cakuɗa su, su tashi ba tsuntsu ba tarko.

Yadda ake aikin

A sami kwalin ashana ko na alli a ajiye a tebur. A fara da kusurwar da ta fi kusa da ido, a fitar da layi uku daga gare ta kamar harafin Y, a tabbata kowane buɗi tsakanin layi biyu ya wuce digiri 90. Kafin a ja sauran layukan, a ɗiga inda kowanne zai ƙare, a duba ko ya karkata zuwa ga ɗan'uwansa. Sa'an nan a zana har gefuna ukun da ke ɓoye a baya, kamar akwatin na gilashi ne. Biro ya fi fensir a wannan aiki, domin mai abin gogewa yakan shafe kuskurensa kafin ya san irinsa.

Akwai tarko a nan. A 1832 wani masanin ma'adinai ɗan ƙasar Suwizalan, Necker, ya lura cewa akwatin da aka zana da dukkan gefunansa yakan juye a idon mai kallo, fuskar gaba ta koma baya. Maganin abin shi ne a cike fuska ɗaya da ke kallon mai zane da 'yan layuka, don a san ina ne gaba.

Duba aiki

Nan ne gizo ke saƙa, kuma nan ne aka fi sakaci. Ɗalibi yana iya cika littafi guda da akwatuna bai ƙaru da kome ba, in dai kuskure ɗaya yake maimaitawa. Shi ya sa bayan an cika shafi, sai a ɗauki rula da biro mai wani launi, a ɗora a kan kowane gefe, a tsawaita shi zuwa can baya, nesa da mai kallo. Da akwai jan biro da shuɗi da baƙi, kowane dangi da launinsa, ya fi. Yanzu takarda za ta faɗi gaskiya.

Idan layukan dangi ɗaya suna buɗewa maimakon matsewa, to an zana bayan akwati ya fi gabansa girma, abin da ido bai taɓa gani ba. Idan biyu sun haɗe a nan, biyu sun haɗe a can, ɗalibin yana kallon fuska ɗaya-ɗaya ne, bai kallon dangin gaba ɗaya. Wannan shi ne kuskuren da ya fi yawa. Kusurwar baya kuwa kusan kullum ita ke karkacewa, sai ɗalibi ya ɗora mata laifi, alhali ita ce ta ƙarshe da aka zana, don haka ita ke gadon ɓarnar da aka yi tun farko. Gyaranta yana gaba, ba a wurinta yake ba.

Malamin da ya ja maki a shafi ya rubuta "da kyau" bai taimaki kowa ba. Abin da ke da amfani shi ne ya nuna layi guda, ya ce ga inda ya nufa, ga inda ya kamata ya nufa, ya kuma zaɓi kuskure ɗaya tak da za a yi fama da shi a shafi na gaba. A ajin da ya cika maƙil, irin wanda ba baƙo ba ne a makarantun Maradun da kewaye, malami ba zai iya bin kowane shafi ba. Sai ya haɗa ɗalibai biyu-biyu su yi musayar littattafai, kowa ya tsawaita layukan ɗan'uwansa ya rubuta abu ɗaya da ya gani. Idon wani ya fi saurin ganin karkata, domin ƙwaƙwalwarsa ba ta san abin da mai zanen ya yi niyya ba, balle ta gyara masa. Mai dubawa kuma yana koyo daidai da wanda ake duba wa.

Wasu malaman zane sukan ɗora wa almajiransu akwati 250. Ba lalle ne a kai wannan adadi ba. Akwati biyar a rana, a sa kwanan wata a kowane shafi, a duba su kafin a shiga na gobe, ya isa. Bayan mako huɗu a ajiye shafin farko kusa da na ƙarshe, a gwada yadda layukan ja ke taruwa. Daga nan ɗalibin da ke da burin karatun gini ko injiniya a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau da ke Talata Mafara zai iya fita waje ya zana ajinsu ta kusurwa, ya fara da neman layin idonsa a jikin bango.