Daga Rairayin Shehuri Zuwa Layin Olamfik: Yadda Ake Zama Ɗan Tseren Duniya

Duk wanda ya bi lungunan Shehuri da la'asar, kusa da fadar Shehun Borno a Maiduguri, zai ga yara suna bin ƙwallo a cikin rairayi ba takalmi. A cikinsu ba a rasa wanda in ya zuba da gudu, sauran sai dai su bi ƙurarsa da ido. Unguwa ta san shi, amma duniyar tsere ba ta karɓar shaidar baki. Sai agogo ya auna, an rubuta, sannan a ce yaro yana da gudu.

Matakin farko makaranta ce. A gasar wasannin da makarantu ke yi shekara-shekara ne malamin motsa jiki ke fara kama agogo ya ga me yaro zai yi a mita 100 ko 200. Agogon hannu kuwa yana da rangwame: masana na ƙara kusan sakan 0.24 a kan abin da ya nuna kafin su kwatanta shi da na lantarki. Saboda haka murnar wannan rana ba ta wuce a ce an gano iri mai kyau ba.

Daga nan sai neman koci, kuma a nan aikin yake. A Maiduguri, inda zafin watan Afrilu ke haura digiri 40, atisaye mai ƙarfi na bayan sallar asuba ne ko gab da magariba. Koci zai fara da gyara tsayuwa da wurga hannu, sannan ya koya masa tashi daga matokarin ƙafa. A tseren mita 100, mita 30 na farko ana yin su ne a sunkuye, ana tura ƙasa da ƙarfi, sai jiki ya miƙe a hankali. Tsakanin mita 50 zuwa 70 gudu ke kai ƙololuwa. Abin da ya rage, kowa raguwa yake yi, har zakaran duniya, kuma wanda ya fi jinkirin raguwa shi ke cin tsere. Ana haɗa wannan da ɗaga ƙarfe, tsalle-tsalle, isasshen barci da abinci mai gina jiki. Takalmi mai ƙusoshi kuma sai an saba da shi, domin ƙafar da ta girma a rairayi takan yi tsami a makonnin farko a kan dandamalin roba.

Akwai doka guda da ake cusa wa ɗan tsere tun da wuri. Wanda ya motsa kafin kashi ɗaya cikin goma na sakan bayan ƙarar bindiga, ya yi riga-malam-masallaci, kuma tun 2010 kuskure ɗaya ya isa a kore shi. Usain Bolt kansa, mai tarihin sakan 9.58 a mita 100, haka ta faru da shi a Daegu a 2011.

Mataki na uku shi ne sanya rigar jiha. Ɗan Borno zai nemi shiga tawagar da ke zuwa gasar matasa ta ƙasa, sannan babbar gasar wasanni ta ƙasa wadda aka fara a Legas a 1973. A irin waɗannan wurare ake samun agogon lantarki da na'urar auna iska. Idan iskar da ke tura mai gudu ta wuce mita 2 a sakan, lokacinsa ba ya shiga kundin tarihi. A nan ne kuma idon hukumar wasannin guje-guje ta ƙasa, AFN, ke faɗawa kan matashi.

Sai batun abin kai wa baka, domin gudu ba ya ciyar da mai shi da wuri. Wasu kan shiga aikin ɗamara: Sunday Bada, haifaffen Kaduna, ɗan sanda ne lokacin da ya ci zinaren duniya na mita 400 a rufaffen fili a 1997. Wasu kan sami gurbin karatu kyauta a jami'o'in Amurka, inda ake haɗa musu koci, likita da gasa kusan kowane mako. Maƙwabta ma sun nuna hanyar a buɗe take ga 'yan Sahel: Aminatou Seyni ta Nijar ta yi mita 400 cikin sakan 49.19 a 2019, ta kuma zo ta huɗu a mita 200 a gasar duniya ta 2022.

Ƙofar Olamfik tana da ma'auni. A gasar Paris ta 2024, an nemi sakan 10.00 ga maza da 11.07 ga mata a mita 100, ko kuma matsayi mai kyau a jerin gwanayen duniya. Ko an cika wannan, da sauran rina a kaba. A gasar Olamfik ta Tokyo an hana 'yan Najeriya 10 fafatawa saboda ba a yi musu adadin gwajin ƙwayoyi da doka ta tanada ba. Manyan 'yan tsere dole su riƙa sanar da inda za a same su na awa guda a kowace rana, kuma saɓawa sau uku cikin wata 12 na jawo dakatarwa. 'Yar tseren Najeriya Blessing Okagbare, duk da lambobinta, an yanke mata dakatarwar shekara 10 a 2022 kan ƙwayoyin ƙara kuzari.

Mataki na ƙarshe ana shirya shi ne tun ana kan ganiya, domin tsagewar tsokar bayan cinya kaɗai na iya cinye kakar wasa sukutum. Olusoji Fasuba na Najeriya ya yi mita 100 cikin sakan 9.85 a Doha a 2006, tarihin Afirka da ya tsaya shekara 15, ya kuma ci zinaren duniya na mita 60 a 2008. A 2011, bai kai shekara 30 ba, ya shiga rundunar sojan ruwan Birtaniya don ya riƙe iyalinsa.