Ladubban Rubutun Manhajar Sigina: Amsa Ga Ɗalibin Malisa

Wasiƙa ta iso mini daga wani ɗalibi ɗan Malisa ta ƙasar Gwandu, wanda yake karatun kimiyyar kwamfuta a Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi da ke Kalgo. Bayan gaisuwa irin ta addinin Musulunci, ga abin da ya ce: "Allah ya gafarta Malam, mahaifina ya tara tsofaffin kaset-kaset na tafsiri, na juye su cikin kwamfuta, sai na tarar wani gurnani na wutar lantarki yana bin muryar malamin tun daga farko har ƙarshe. Na zauna na rubuta matatar sauti wadda ta kawar da shi, na kuma miƙa ta ga wani buɗaɗɗen shiri na manhajar sarrafa sigina domin kowa ya amfana. Sai suka dawo mini da ita. Ba su ce ba ta aiki ba, ƙorafinsu duka a kan sunaye ne, da tazarar layuka, da rashin gwaji. Malam, wannan ba raina baƙo ba ne?"

Ɗana, Allah ya yi maka albarka bisa wannan niyya, ya kuma saka wa mahaifinka da alheri. Amma ina ganin mutanen nan ba su raina ka ba, domin wanda aka raina ba a ɓata lokacin karanta aikinsa layi-layi, shiru kawai ake yi masa. Abin da suka nema gare ka kashi biyu ne, ɗaya ado ne wanda na'ura za ta iya yi maka cikin ƙiftawar ido, ɗayan kuwa shi ne ruhin sana'ar, kuma kuskuren da ɗalibai suka fi faɗawa ciki shi ne cuɗa su wuri guda, su fusata da na farko har fushin ya rufe musu ido daga na biyu.

Kai da ka tashi a ƙasar Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ba sai an kai ka nesa neman hujja ba. Duk wanda ya taɓa buɗe gafakar tsohon littafi da magabata suka kwafa da hannu a Gwandu ya san cewa a rubutunmu na Magaribi harafin fa ɗigo ɗaya yake ɗauka a ƙasa, harafin ƙaf kuma ɗigo ɗaya a sama, alhali a rubutun mutanen Gabas wannan ɗigo ɗaya na sama alamar fa ne, ƙaf kuwa biyu yake ɗauka. Babu wanda ya fi wani gaskiya a cikinsu. Amma da a ce marubuta goma sun rarraba waraƙoƙin littafi guda a tsakaninsu, tara suka bi ƙa'idar Magaribi, na goma ya bi ta Gabas saboda ita ya fi ƙwarewa a kanta, to da hannunsa zai yi kyau, nahawunsa ya inganta, mai karatu kuwa ya riƙa karanta ƙaf a inda aka nufi fa, ba tare da wani abu a shafin ya faɗakar da shi ba. Saboda haka ne suka lizimci tafarki guda, suka riƙa rubuta kalmar farko ta waraƙa mai zuwa a gindin wadda ta gabace ta domin kada takardun da ba a ɗinke ba su rikice, suka kuma ƙi amincewa da kwafi sai an yi muƙabalarsa da asali.

To, fannin sarrafa sigina ya fi kowane reshe na rubutun manhaja buƙatar irin wannan lizimci, kuma dalilin yana cikin ɗabi'ar abin da ake sarrafawa. Idan murya ta shiga kwamfuta ba ta zama komai ba face jerin lambobi tsirara, waɗanda ba su ɗauke da wata shaida da za ta nuna ko sau 8,000 aka ɗebe su a daƙiƙa kamar yadda ake yi a layin tarho, ko sau 44,100 kamar na faifan CD, ko sau 48,000 kamar yadda aka saba a sautin bidiyo. Manhajar lissafin kuɗi idan ta yi kuskure sau da yawa takan tsaya ta yi kuka. Matatar sigina kuwa idan ta yi kuskure ci gaba take da aiki cikin natsuwa, ta fitar da wasu lambobi masu kama da na gaskiya, har sai ranar da wani mai kunne ya ce wannan sauti da sauran magana.

Ɗauki matatarka ta zama misali. Gurnanin da ka ji na haz 50 ne, wato kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, domin a wannan kaɗawa wutar Nijeriya take gudana, kuma na fahimta daga bayaninka cewa ka dasa 50 da 44,100 a tsakiyar lissafi ba tare da suna ba. A kan kaset ɗin mahaifinka komai ya tafi daidai. Amma ranar da wani ya ba ta sautin da aka ɗeba sau 48,000 a daƙiƙa, ramin da ka haƙa wa haz 50 zai gusa ya koma wajen haz 54.4, gurnanin ya wuce abinsa lafiya lau, a kuma cinye wani sashe na sautin da bai yi laifin komai ba. Mutumin Amurka kuwa, wanda wutarsu take kan haz 60, ba za ta amfane shi da komai ba tun asali. Kai ma nan gida, idan an ɗauki karatun da wutar janareto ne, ba lalle kaɗawar ta tsaya cif a kan 50 ba, kuma gurnanin yakan zo da 'ya'yansa a 100 da 150. Ashe da suka ce ka cire waɗannan lambobi daga cikin lissafi, ka mai da su ƙimomi masu suna waɗanda mai amfani zai bayar da kansa, ba su taɓa adon aikinka ba, aibi na haƙiƙa suka nuna maka.

Wajibi na farko ke nan: kowace ƙima ta faɗi ma'auninta, ko a cikin sunanta ko a hashiyar da ke kanta. Kada ka ɗauka cewa ma'aunin da ke zuciyarka shi ne na kowa, domin manyan ɗakunan manhaja ma sun saɓa wa juna. A SciPy, idan kana tsara matata ba ka ambaci yawan ɗiba ba, lamba 1 tana nufin rabin yawan ɗibar ne, alhali masu tsara matata na GNU Radio da haz kai tsaye suke karɓar umarni. Haka lissafin Fourier mai sauri, wanda Cooley da Tukey suka yaɗa a 1965: NumPy tana raba sakamako da adadin ɗigogi a lokacin komowa, FFTW kuwa ba ta rabawa ko kaɗan, ta bar wa mai kira wannan nauyi, har ya zama wanda ya musanya ɗaya da ɗaya bisa gafala, a kan ɗigo 1,024, zai sami siginarsa ta kumbura sau 1,024, wato kimanin desibel 60. Shi kansa desibel ɗin fuska biyu gare shi, ana ninka logaridim da 10 idan ƙarfi ake aunawa, da 20 idan tsayin igiya ne. Kada ka ce waɗannan furu'a ne. A watan Satumba na 1999 hukumar NASA ta yi hasarar kumbon Mars Climate Orbiter saboda wani sashen manhaja yana bayar da ƙima a ma'aunin fam, wani sashen kuma yana karɓa a matsayin niyuton, bambancin da ya haura ninki huɗu, kuma kowane sashe a karan kansa lissafinsa daidai yake.

Daga nan sai sunaye, kuma ina son ka duba yadda GNU Radio ta yi, ko da ba ita ka nufa da gudummawarka ba, domin tun da Eric Blossom ya assasa ta a 2001 hannaye masu yawa daga ƙasashe dabam-dabam suka yi ta rubutu a cikinta da harsunan C++ da Python. A can, sunan tubalin sarrafawa yakan ƙare da haruffan da ke bayyana irin lambar da ke shiga da wadda ke fita: f ga lamba mai ɗigo, c ga lamba mai tagwayen sassa wadda ake wakiltar siginar rediyo da ita, s ga gajeruwar cikakkiyar lamba, b ga bayit. Wanda ya ga suna ya ƙare da _cf ya san abin da zai zuba da abin da zai kwasa tun bai buɗe fayil ba. Haka kuma duk ƙimar da tubali yake riƙewa a jikinsa daga kira zuwa kira ana fara sunanta da d_, wanda a ido bai da kyan gani, ni ma ban taɓa cewa yana da shi ba, amma a cikin matata, inda ragowar lissafin jiya take shiga lissafin yau, sanin abin da ke wanzuwa da abin da ke gushewa rabin fahimta ne. Irin lamba kuwa ba abin wasa ba ne: cikakkiyar lamba mai bit 16 ba ta wuce 32,767, idan aka ƙara mata ɗaya ba tare da kariya ba takan kifa ta koma 32,768 a ƙasan sifiri, a ji wani ƙas a lasifika. Cusa babbar lamba cikin bit 16 ne ya tarwatsa rokar Ariane 5 a ranar 4 ga Yuni, 1996, ba ta cika minti guda da tashi ba.

Batun tazara da tsawon layi ba zan tsawaita a kansa ba, domin bai cancanta ba. Python tana da ƙa'idarta mai suna PEP 8 tun 2001, tazara huɗu ga kowane mataki, layi kada ya wuce harafi 79. Masu C++ da yawa, har da GNU Radio, sun miƙa al'amarin ga clang-format, wanda yake karanta fayil ɗin ƙa'ida da ke cikin rumbun shirin ya daidaita rubutunka da kansa. Ka girka shi, ka gudanar da shi kafin kowace miƙawa, ka huta. Sharaɗi guda ne: kada ka daidaita layukan da ba ka zo gyarawa ba, domin mai duba aikinka zai ga layi ɗari biyar sun sauya alhali goma ne naka.

Gwaji shi ne muƙabalar wannan zamani, kuma a nan nake son ka kashe mafi yawan ƙoƙarinka. Cewa ka saurara da kunnenka ka ji gurnani ya tafi shaida ce ta mutum ɗaya a rana ɗaya, wadda ba za ta tsare matatarka ba idan wani ya taɓa ta bayan shekara uku. Ka rubuta gwajin da zai ƙirƙiri tsantsar sauti na haz 50 ya tabbatar an danne shi da adadin desibel da ka yi alkawari, ya ƙirƙiri na haz 1,000 ya tabbatar ya wuce ba a rage shi ba, ya maimaita wannan a kan 8,000 da 44,100 da 48,000, ya kuma jarraba shiru tsantsa da sauti mafi ƙarfi. Akwai kuma wani gwaji da ɗalibai suke mantawa, alhali shi ya fi tona asiri: ka ba matatar sauti guda a dunƙule, sa'an nan ka ba ta shi gutsure-gutsure masu tsawo mabambanta, ka ga ko sakamakon ya zo ɗaya, domin a aiki na haƙiƙa ba kai ne kake zaɓar girman gutsuren da zai iso maka ba. Wajen kwatanta lambobi masu ɗigo kada ka nemi daidaito cif, ka ba da ɗan rangwame ka kuma rubuta dalilinsa, tun da a kwamfuta 0.1 da 0.2 ma ba su haɗuwa su ba da 0.3 sak. Ka gudanar da dukan gwaje-gwajen a kan na'urarka kafin ka tura, wanda a wurin da wuta da datar waya suke da tsada ya fi maka sauƙi nesa da ka tura sau biyar ana dawo maka da shi.

Ka kiyaye kuma da abin da kake sakawa cikin zuciyar madaukin da ke sarrafa sauti. Gutsure mai ɗiba 480 a kan 48,000 kashi ɗaya ne cikin ɗari na daƙiƙa, kuma idan a cikin wannan ɗan taƙi ka tsaya neman sabon gurbin ƙwaƙwalwa ko buga saƙo a allo, sautin zai yanke. Duk abin da za a iya lissafawa sau ɗaya, a lissafa shi tun wajen shiri.

Saura ladabin miƙawa. Kowace ajiya a Git ta ɗauki mas'ala guda, da gajeren take mai faɗin sashen da aka taɓa, sa'an nan bayanin dalili a ƙarƙashinsa, domin abin da ka yi yana bayyane a rubutun, dalilin da ya sa ka yi shi ne yake ɓacewa. Hashiyarka ta kasance cikin harshen da jama'ar shirin suka yi ittifaƙi a kansa, galibi Ingilishi, sunayen ƙimomi kuma ba da haruffa masu lanƙwasa ba, ko da yake sunanka na yanka kana da haƙƙin rubuta shi da ɗ ɗinsa da ƙ ɗinsa. Shirye-shirye da yawa, GNU Radio na cikinsu, suna neman ka sa hannu a ƙarshen ajiya bisa wata shahada da ta samo asali daga masu Linux a 2004, cewa aikin naka ne ko kana da izinin bayar da shi ƙarƙashin lasisinsu. Wannan amana ce. Idan ka ɗauko lissafin matatar daga wani littafi ko wata maƙala, ka ambaci asalinsa a hashiya kamar yadda malamanka suke ambaton wanda suka karɓo daga gare shi.

Idan kuwa bayan duk wannan ka ga wata ƙa'ida tasu ba ta da hujja, kana iya yin gaskiya, domin ƙa'idojin nan ijtihadin mutane ne, ana kuma sauya su. GNU Radio ma tana da tafarkin rubutattun shawarwari da ake kira GREP domin irin haka. Sai dai muhallin wannan muhawara dabam yake da muhallin gyaranka. Yanzu ka koma kan ƙorafinsu ɗaya bayan ɗaya, ka amsa kowanne da "na gyara" ko da tambaya idan ba ka gane ba, ka raba aikin gida biyu, matata da gwajinta a ajiya guda, misalin amfani da ita a ta biyu, ka sake miƙawa. Kaset ɗin kuma ka adana juyin farko da gurnaninsa a wuri dabam, kada ka tace a kan asali.