Doguwar tafiya a kan keke: daga Yamai zuwa Maraɗi

Ɗan'uwa, keke dokin talaka ne. Ba ya shan mai, ba ya cin ciyawa. Kana ganin shi kullum a birnin Yamai, yana ɗauke da itace ko kayan lambu. To, ka san keke yana iya kai ka har Maraɗi? Yana iyawa, in ka yi shiri. In kuwa ba ka yi shiri ba, rana da ƙishirwa suna iya kashe mutum a hanya.

Da farko ka san hanyar. Babbar hanyar kwalta mai lamba 1 ta tashi daga Yamai ta yi gabas. Daga Yamai zuwa Doso wajen kilomita 140 ne. Daga nan sai Dogon Dutsi, wajen kilomita 275 daga Yamai. Sai Birnin Ƙonni, wajen 420. Ka wuce Galmi, garin albasa, ka wuce Madawa, sannan ka iso Maraɗi, wajen kilomita 660. Mai lafiya yana iya yin kilomita 70 a yini. Ka ga ke nan tafiyar kamar kwana 10 ce.

Ƙasar ba shimfiɗe take duka ba. Kafin Doso za ka gangara cikin Dallol Boso, ka sake haurawa. A Dogon Dutsi akwai Dallol Mawri da dutsen da garin ya samu sunanshi. Wajen Madawa ma akwai tudu da kwari, don ƙasar Adar ce mai duwatsu. In hawa ya fi ƙarfinka, sauka ka tura, ba abin kunya ba ne. Gangara ta fi hawa haɗari. Ka riƙe birki biyu a hankali. Wanda ya danne birkin gaba kaɗai da ƙarfi, sai ya kife.

Sai zaɓen lokaci. Turawa suna irin wannan tafiya a watan Yuli da Agusta, don lokacin ne ƙasarsu take da ɗumi. Babbar tseren keke ta Faransa, wadda aka fara a 1903, a watan Yuli aka saba yin ta, ana hawan manyan duwatsu. Mu nan dabam ne. A watan Afrilu da Mayu zafi yana wuce digiri 40, kada ka tashi. Da ɗari akwai sanyi mai daɗi, amma iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa. Mai zuwa Maraɗi, a fuska za ta buge shi. Da damina iska takan zo daga kudu maso yamma, tana tura ka daga baya. Sai dai ka kula da hadari. In ruwa ya cika ƙorama yana gudu, ka jira ya janye, kada ka ratsa.

Kowace rana ka tashi bayan sallar asuba. Kafin ƙarfe 11 ka nemi inuwa. In la'asar ta yi sanyi ka ƙara kaɗan, ka shiga gari kafin magariba. Ban da tafiyar dare. Manyan motoci ba su ganin mai keke cikin duhu. Ko da rana ma ka bi gefen dama, in ka ji babbar mota ka ba ta hanya.

Ruwa shi ne ranka. Ka ɗaure jarka a bayan keke, ka cika ta a duk garin da ka iso. Kada ka jira ƙishirwa, ka riƙa kurɓa. In fitsarinka ya yi kaɗan kuma ya yi ja, jikinka yana neman ruwa. In ka ji jiri da ciwon kai, tsaya nan take. Ka zuba sukari ƙaramin cokali 6 da gishiri rabin ƙaramin cokali cikin ruwa mai tsabta lita 1, ka sha. In abin bai lafa ba, a kai ka gidan likita.

Kafin ka tashi, kai kekenka wurin mai gyara. Ya duba birki da sarƙa da tayu. Ka riƙe famfo da kayan faci da sufana, don ƙaya ta yi yawa a gefen hanya. Guzuri kuwa, dabino da ƙuliƙuli da kilishi ba su lalacewa. Fura kana samunta a kowane gari.

Abu na ƙarshe, ka riƙe katinka na ɗan ƙasa, don jandarma suna tambaya. Kada ka tafi kai kaɗai, ku zama biyu ko uku. Ka tambayi direbobi lafiyar hanya kafin ka wuce gaba, don akwai wuraren da ba su da kwanciyar hankali. In sun ce kada ka bi, ka ji maganarsu. Matambayi ba ya ɓata. Yanzu kuma da ka iya karatu, allon bakin hanya ma yana faɗa maka sunan gari da sauran kilomita.

Tambayoyi
1. Kilomita nawa ne daga Yamai zuwa Doso?
2. In kana yin kilomita 70 a yini, kwana nawa za ka yi kafin Doso?
3. Don me ba a tafiyar dare a kan keke?
4. Rubuta kaya 4 da za ka riƙe.