Yadda Iyaye Za Su Gane Firgici Da Damuwa A Tattare Da 'Ya'yansu

A ƙarshen shekarar 2023 da farkon 2024, 'yan bindiga sun sha afka wa Garam da ƙauyukan da ke kewaye da ita, tsakanin Sabon Wuse da Bwari, suna kwashe mutane cikin dare. Manya sun yi ta fafutukar kuɗin fansa da sintiri da sauya matsuguni. Yaran da suka ji ƙarar harbi daga ƙarƙashin gado, ko suka ga an tasa ƙeyar mahaifinsu zuwa daji, ba kowa ne ya tambaye su abin da ke ransu ba. Mun saba cewa "yaro ne, zai manta". Wasu kan manta, amma da yawa abin yana zaune musu a zuciya har su girma.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ɗaya cikin kowane bakwai na masu shekara 10 zuwa 19 yana fama da wata larurar ƙwaƙwalwa, kuma kusan rabin waɗannan larurori kan fara ne kafin shekara 14. Ke nan uwa da uba da malamin makaranta su ne za su fara gani, tun kafin likita. Ga abin da ya kamata su yi.

Lura da sauyin hali

Ƙaramin yaro ba zai ce "ina cikin damuwa" ba, jikinsa da halinsa ne ke faɗa. Wanda ya daina fitsarin kwance sai ya koma yi. Wani ya riƙa zabura cikin barci, ko ya manne wa uwa ya ƙi zuwa makaranta, ko kullum ciwon kai da ciwon ciki alhali an auna babu zazzaɓi. Ƙarar babur ko bugun ƙofa kan sa wani ya ruga ya ɓuya.

A wajen samari da 'yan mata kuwa, alamar takan zama saurin fushi, keɓe kai a ɗaki, barin abokai, ƙin abinci ko barci ya gagara, da faɗuwar sakamakon jarrabawa. Kwana biyu na ɓacin rai ba komai ba ne. Idan abin ya wuce mako biyu, kuma ya hana yaro karatu ko wasa ko ibadar da ya saba, to ya kai a nemi taimako.

Saurara kafin a yi faɗa

A zaɓi lokacin da yaron ya saki jiki, kamar wajen tankaɗe, ko kan hanyar gona ko kasuwa. A ce masa, "Na ga kwana biyun nan ba ka da walwala, me ke damunka?" Daga nan sai a yi shiru. Kada a tilasta masa ya maimaita abin da ya gani, kada kuma a katse shi in ya fara. Kalmomi irin su "kai ba namiji ba ne?" ko "rashin tawakkali ne" suna rufe masa baki. Duka saboda fitsarin kwance tsoro yake ƙarawa.

A faɗa masa gaskiya daidai da shekarunsa. Idan an sace wani a gidan, cewa "ya yi tafiya" ba ta kare yaro, domin zai ji labarin a waje.

Mayar da gida kan tsarinsa

Lokacin cin abinci, na barci, na makaranta da na Islamiyya ko coci, su koma yadda suke gwargwadon iko. Yaro yana samun natsuwa idan ya san abin da zai faru gobe. A daina kallon bidiyon gawarwaki da na waɗanda ake azabtarwa a daji a gaban yara, a kuma duba abin da ke shigowa wayoyinsu ta WhatsApp da TikTok.

Sa ido kan ƙwaya

Matasa da yawa sun fara shan tiramol ko kodin ne don su samu barci ko su manta. Gwamnatin tarayya ta hana maganin tari mai kodin a 2018, amma har yanzu yana yawo a ɓoye. Idan an kama yaro da shi, a tambayi abin da ya kai shi, domin kora daga gida ko kulle shi ba ya cire dalilin.

Inda za a je

A fara da asibitin shan magani na unguwa ko Babban Asibitin Suleja, a nemi takardar turawa. Akwai likitocin ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abuja da ke Gwagwalada, da Asibitin Ƙasa na Abuja, da asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa a Kaduna. Yara da yawa zaman tattaunawa da ƙwararre kawai suke buƙata, ba sai an ba su magani ba.

Addu'a da ruƙiyya ba sa hana zuwa asibiti, a haɗa su. Abin da ba za a yarda da shi ba shi ne mari da bulala da yunwa da sunan cire iska. A watan Satumba na 2019 'yan sanda sun kuɓutar da mutane fiye da 300, ciki har da yara, daga wani gida a Rigasa ta Kaduna, wasunsu ɗaure da sarƙa. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin ta 1958, ta ba mai larura haƙƙin a kula da shi cikin mutunci.

Abin da ba ya jira

Idan yaro ya ce ya gaji da rayuwa, ko yana ji wa kansa ciwo, ko yana jin muryoyin da ba wanda ke ji, a kai shi asibiti a ranar. Kada a bar shi shi kaɗai, kuma a kulle maganin ƙwari da na feshin gona da duk ƙwayoyin da ke gida. Tambayarsa kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa ba ta cusa masa tunanin, sauƙi take ba shi.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Limamai da fastoci da masu unguwanni da ƙungiyoyin iyaye da malamai na Garam, ku sa wannan magana cikin huɗuba da taro, don uwar da ta ga alama a jikin ɗanta ta san ba abin kunya ba ne ta kai shi wajen likita.